Garmahon da Ya Ƙi Zama a Gidan Genzo

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da na san Kukita Sumako, ban taɓa jin ta ce ta iya aiki ba. Masu faɗin haka na gan su da yawa a unguwarmu Takaida, nan gefen Osaka. Wasunsu ma ni na bi bayansu na gyara ɓarnar da suka yi.

Sunana Mizobata, ƙarfe nake sassaƙawa. Ina da inji biyu a ƙasan gidana. Gidan Sumako na manne da nawa, ɗakinta na gaba shi ne wurin aikinta: tebur ɗaya, fitila, mita, da kwalaben sifirit. Garmaho take gyarawa, kuma ba kowane iri ba.

Garmahon da kowa ya sani, hannunsa a kafe yake a kusurwa, yana juyowa kan faifai kamar ƙyauren ƙofa. Irin nata, hannun tafiya yake yi a miƙe, a kan wata siririyar sandar ƙarfe, daga bakin faifai zuwa cibiya. A gindin hannun akwai ɗan ƙwan fitila da idon lantarki. Allura na bin layin faifai, hannu ya ɗan karkace, ido ya ga haske, sai ɗan inji ya ja bel na roba, hannun ya matsa kamar kaurin gashi. Haka har waƙa ta ƙare. In komai na daidai ba ka ganin motsinsa. In abu ɗaya ya kuskure, hannu ya maƙale a baya, allura ta riƙa tsalle tana maimaita kalma ɗaya.

Ba ita ta zaɓi aikin ba. Tana da shekara goma sha biyar, a 1970, aka sa ta a jirgin ƙasa daga Kagoshima tare da 'yan ajinsu, kowa da jaka ɗaya da takarda mai sunan kamfanin da ya ɗauke shi. Ta ce dankalin da uwarta ta dafa mata ba ta buɗe shi ba har Osaka, don kada a gane 'yar ƙauye ce. Da ta buɗe, ya lalace. Ta fara da haɗa rediyo, ta koma rakoda. A 1981 aka kai ta layin garmaho, kujerar ƙarshe, inda ake daidaita idon. Minti ɗaya da rabi ake ba ta a kan kowane ɗaya. Bayan shekara biyu na shigo masana'antar ina gyaran injina, a kujerar nan na same ta.

Doka ta farko a layin ita ce a goge, sannan a duba. Shugaban layin na yawo da farar safar hannu. In ya shafa sanda ya ga ɗigon datti, sai a tsayar da aiki a kira sunan mai laifi a lasifika. Sau ɗaya aka kira sunan Sumako. Tun daga ranar, hannunta ke gogewa kafin idonta ya kalla. Har yau in muka shiga shagon taliya sai ta share teburin da aka riga aka share.

Da ƙaramin faifai mai ƙyalli ya fito, aka daina sayen garmaho. A 1988 aka rufe layin. Aka ba su furanni da ɗan agogo, aka yi musu jawabi mai tsawo. Ta koma suyar kifi da dankali a bayan wani kanti, shekara ashirin da biyu. Mijinta direban babbar mota ne, ciwon ciki ya ɗauke shi 'yarsu Kaori na aji uku. Ban ga ta yi kuka a waje ba. Washegarin ƙona gawar ta fita aiki ƙarfe shida.

Ta kusa sittin matasa suka fara tono faya-fayan iyayensu. Wani ya kawo mata garmahon ubansa a cikin bargo, ta gyara a teburin cin abinci. Ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani. Kwalaye suka fara zuwa daga Sendai, daga Fukuoka. In ƙaramar taya ta tsage, ni ke sassaƙa mata sabuwa. Ban taɓa ganin ta cikin natsuwa kamar waɗannan shekaru ba.

Sai hannunta na hagu ya fara rawa, idon dama kuma ya yi yana. Kaori, wadda ke aure a Nagoya, ta lura ranar sabuwar shekara. Ina wurin, an kira ni shan miyar mochi, mai curin shinkafa a ciki.

"Mama, rabin shayin a kofi, rabi a tire."

"Tiren ma yana jin ƙishi."

"Ba wasa nake yi ba. Ɗaki na can na jiran ki, rana na shiga ta tagarsa. Ki rufe wurin nan haka."

"In je in yi me? In ƙirga motocin da ke wucewa?"

"Ki huta, kamar sauran tsofaffi."

Sumako ta ajiye butar. "To ji nan. Tun da nake, garmaho ɗaya bai taɓa dawo mini sau uku ba. Ranar da haka ta faru, ba sai kin roƙe ni ba. Da hannuna zan ɗaure kayana."

Kaori ta juyo. "Mizobata-san, ka ji da kunnenka."

"Na ji," na ce. Na so a ce a gida na ci abincina ranar.

A watan huɗu Habara Genzo ya kawo nasa. Kafinta ne, shekara tamanin da ɗaya, rabin tsofaffin gidajen katakon layinmu shi ya kafa su. Zarto ya cinye masa yatsa biyu a hannun dama tun yana saurayi, ba ya iya ɗora allura a faifai ba tare da ya karce shi ba. Shi ya sa ya sayi irin wannan a 1982: ka danna maɓalli ɗaya, ya yi sauran da kansa. Waƙoƙin labari irin na dā yake ji, masu tsawon rabin sa'a.

"Yarinya, ga majinyaci," in ji shi tun daga ƙofa. Duk unguwa shi kaɗai ke ce wa mai shekara sittin da tara yarinya. "Mawaƙin ya kai inda za a sare kan ɓarawo, sai ya yi ta cewa takobi, takobi, takobi. Wata uku ke nan ɓarawon bai mutu ba."

Ta ɗaga murfi, ta goge sanda da auduga da sifirit, ta kwance baya, ta wanke tsohon giris, ta sa sabon bel. Kwana uku ta bar shi yana juya faifai. Bai yi tsalle ko sau ɗaya ba. Na kai masa a 'yar motata ta ɗaukar kaya.

Bayan mako uku ya dawo. Ciwo ɗaya.

Ta goge, ta duba. Ta ce wataƙila ƙwan fitilar ne ya dushe, ta canza shi. Kwana uku lafiya. Na mayar.

Mako biyu da rabi, ga shi kuma. Wannan karon ta zargi idon lantarkin. Akwai wani ɗan sukuru da ake murɗawa a daidaita shi, wanda dā take gamawa kafin mutum ya kunna taba. Ranar tun bayan abincin rana take fama. Bakin sukuddireba na zamewa, tana danne wuyan hannun hagu da gefen tebur. Na shiga na ce sifana nake nema, na fita ban ɗauki komai ba. Ta gama, ta goge bel ɗin da sifirit, garmaho ya yi kwana uku kamar sabo.

A gidan wankan unguwa Genzo ya buɗe baki. Ba da mugunta ba, shi dai ba ya iya riƙe magana.

"Hannun Sumako ya tafi. Tsufa ba ya barin kowa. Dā ita ce lamba ɗaya."

"Tsoho, cuɗa bayanka ka bar hannun mutane," na ce.

"Ƙarya na yi?"

Ni ma abin da nake tunani ke nan.

Ƙarshen watan shida, ana tsakiyar ruwa, ya turo shi a bayan keke, lulluɓe da leda. Na uku. Bai yi ba'a ba wannan karon.

"Ba faɗa na zo ba. In ba ya gyaruwa ki faɗa mini kawai, in ajiye shi kusa da hoton matata su huta tare."

Sumako ta sunkuya masa har ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ya tafi ta ɗora garmahon a tebur. Ba ta ɗaga murfin ba. Ta ce in samo mata kwalaye.

Kwana biyu tana ɗaure kaya. Ta naɗe kowane sukuddireba a jarida, ta rubuta girmansa a kai. Ba ta kira Kaori ba tukuna, ta ce sai ta gama, don kada a zo a taya ta a hargitsa mata kaya. Na samo mata kwali shida, duk ta cika su. Ban ce mata ta haƙura ba. Ita ta yi alkawarin, kuma ba yarinya ba ce.

Safiya ta uku ruwa ya ɗauke, na shiga in kwashe kwalayen zuwa shagona.

"Wannan fa?" na ce, ina nuna garmahon.

"Mayar masa. Ka ce ya kai shi Nipponbashi, kasuwar kayan lantarki, can akwai masu ido."

Na ɗaga murfin don in ɗaure hannun kada ya bugu a hanya. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan sandar.

"Tsaya," in ji ta.

Kafin ta rufe baki auduga na hannunta. Ban ma ga lokacin da ta ɗauka ba. Ta kalli audugar, ta kalli sandar. Ta ajiye, ta zauna, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta kamar yaron da aka hana taɓa abinci. Ta kai fuskarta kusa, ta juya idon hagu wajen hasken.

Sandar ba ta ƙyalli. Wani abu ya lulluɓe ta kamar gashin jikin ɗan tsako, ruwan ɗorawa. Ta ɗauki tsinken sakace ta kankaro kaɗan, ta kai hanci, ta miƙo mini.

"Sansana."

"Katako."

"Da me?"

Na sake shaƙa. "Mai. Irin na wuƙa."

"Ni farin giris nake sawa, ɗigo uku. Ba ya da ƙanshi."

Ta warware jarida ɗaya, ta kwance baya. Bel ɗin da ta sa a watan huɗu ya kumbura, yana sheƙi, ya saki kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Inji na juyawa, bel na zamewa, hannu na ja da ƙyar a kan sanda mai danƙo.

"Sau uku ana kawo mini amsar," ta ce a hankali. "Duk lokacin sai in goge ta in jefa a kwandon shara, sannan in sa tabarau in fara nema."

Cikin sa'a ɗaya ta wanke komai ta sa wani bel. Tsohon ta sa a aljihun rigar aikinta. "Ta da motar. Ina son in ga inda yake kwana."

Mun samu Genzo a rumfarsa ta bayan gida, inda har yanzu yake ƙera kujerun da ba wanda ya ce ya ƙera. Garin katako ko'ina, har a girarsa. A jikin bango ga zarto iri-iri da gizago da wuƙaƙen sassaƙa, kowanne baƙi wuluk saboda shekaru, babu ɗigon tsatsa ko ɗaya. A ƙarshen kantar akwai gurbi mai faɗin garmaho.

"Nan yake zama?" in ji Sumako.

"Tun da matata ta rasu bara. Dā a falo yake, shekara arba'in ba ta bari ko murfinsa in ɗaga, maɓalli kawai. Yanzu wa zan zauna da shi a falo? Na dawo da shi cikin 'yan'uwansa."

Ya zuba mana shayin sha'ir mai sanyi. Ta haɗa waya, ta ɗora faifai, ta danna. Mawaƙin ya kai wurin takobi, ya wuce, ɓarawo ya mutu. Genzo ya buga cinya.

"Yauwa! Yarinya, kin dawo hayyacinki."

Ta ci gaba da shan shayinta, ta ƙi tashi. Ni ma na zauna. Da faifan ya ƙare ya cire shi ya sa a riga. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko wani gutsuren gora mai tsumma a cushe a bakinsa, jiƙe da man 'ya'yan itacen tsubaki mai hana tsatsa, irin wanda kowane kafintan dā ke ajiyewa kusa da gwiwarsa. Ya nufi sandar da shi.

"Genzo-san, me za ka yi?"

"Me kuwa? Ƙarfe ya fita gida ya dawo, ba a shafa masa mai? Ga damina. Ubangidan da ya koya mini aiki, in ka ajiye zarto ba mai, da shi zai ƙwale ka a ka."

"Sau nawa kake shafa masa?"

"Kullum in na tashi aiki. Shi da zarto da gizago, layi ɗaya. Ni ba na wariya a rumfata."

Na buɗe baki, ta taka mini ƙafa. Ta ciro tsohon bel daga aljihu, ta ciro wani sabo, ta ɗora su a tafin hannunsa mai yatsa uku.

"Ja wannan. To ja wannan."

Ya ja. Ya sake ja. Ya murza tsohon, ya kalli yatsunsa suna ƙyalli, ya kai hanci. Mutumin da ya shekara sittin da biyar yana aiki da hannu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya kalli garin katakon da ke yawo cikin hasken taga. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ni ne?"

"Kai ne. Da ni."

"Ke kuma da me?"

"Kai ka shafa ba ka tambaya ba, ni na goge ban duba ba."

Ya ajiye gorar a hankali. "Na yi wata magana a gidan wanka."

"Na ji. Bangon da ke tsakanin maza da mata bai kai rufi ba, muryarka kuma ba ƙarama ba ce."

"Kash."

"Matarka ta fi ka hankali, tsoho. Mayar da shi falo. Man nan ka shafa wa zarto, in ya ragu ka shafa wa sanƙonka. Wannan kada ka ƙara kusantar sa."

Ni na ɗauka na kai falon. Ya raka mu har mota yana sunkuyawa. Ranar na fara ganin Genzo bakinsa a rufe.

A hanya na ce, "To, sai a kwance kwalaye."

"Sau uku dai sau uku ne."

"Ba aikinki ne ya dawo ba. Man tsoho ne."

"Mizo, shekara goma da suka wuce, da taɓa bel ɗin nan zan gane, tun dawowar farko. Na riƙe shi a hannuna sau biyu yana santsi, ban ji ba, ban gani ba. Kada ka yi mini daɗin baki, ba ka iya ba."

Gaskiya ta faɗa, sai na ci gaba da tuƙa motata.

Kwana huɗu kwalayen na ɗaure a ɗakin. Ba ta buɗe ba, ba ta kuma ce in kwashe ba. Wani kwali ya iso daga Sendai, ta bar shi a bakin ƙofa. Rana ta biyar da safe na ga wani abu a kan dakalinta: guntun katakon hinoki, farin itacen nan mai ƙanshi, tsawon kamu ɗaya, an fafe masa gurbi daidai wuyan hannu, an goge shi sumul. Babu takarda, babu suna. Ta ɗauka, ta jujjuya, ta sansana. Ba a shafa masa komai ba.

Ta shiga da shi, ta ɗora a tebur, ta kwantar da hannun hagu a gurbin. Ta ɗauki sukuddireba ta sa bakinsa a kan wani sukuru mafi ƙanƙanta. Rawar ba ta tafi ba, amma bakin bai zame ba. Ta gwada sau biyar. Sannan ta ɗauki waya ta kira Nagoya, ta ce in tsaya, tun da ni ne shaida.

Ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗi sau ukun, ta faɗi man, ta faɗi nata sakacin. Ina jin muryar Kaori tana fitowa daga wayar.

"Mama, kin yi alkawari!"

"Na yi. Ga Mizobata nan, tambaye shi ko laifin wa."

Ta miƙo mini. Na ce, "Garmahon na falo kwana biyar yana waƙa. Abin da na sani ke nan."

Suka daɗe suna ja. A ƙarshe Sumako ta yarda za ta je Nagoya a watan goma a cire mata yanar ido, ta yi mako uku, ta dawo. Ta yarda ta daina karɓar aikin siraran wayoyin allura, masu bukatar hannu biyu tsayayyu, za ta riƙa tura su Nipponbashi. Kaori ta ce ba a gama maganar ba. Sumako ta ce ta sani.

Da ta ajiye wayar ta yanke igiyar kwali biyu, ta jera abin da ke ciki a tebur. Sauran huɗun ta ce in tura mata su jikin bango, a bar su a ɗaure. Sannan ta jawo kwalin Sendai, ta fito da garmahon, ta ɗaga murfi. Na bar ta a sunkuye a kansa na koma wurin injina, aiki na jira na.